Barmo Bai Komo Gida Ba

Juma'a, 19 ga Agusta 1983, da hantsi

Jiya bayan magariba aka nuna kashi na farko na fim ɗin Barmo. Bodinga kaf ta hallara a dandali gaban akwatin talabijin na gwamnati, har da mutanen da ba su san ko Barmo mutum ne ko sunan kifi ba. Ni aka ajiye wa kujera a gaba, wai ni ne mai littafi. Shekara tara ke nan ina karanta wa mutane Barmo da Tulun Hadari a rumfata, kullum bayan la'asar in na ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Mu fara daga ranar da sarkin aljanu ya ɗure ruwan sama cikin tulun ƙarfe, mu bi ɗan maƙeri ƙasa bakwai, in mun kai ƙarshe mu huta mako guda mu sake farawa. Duk garin nan babu mai littafin sai ni.

To ga abin da suka yi masa. Barmon da littafi ya ce ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofar zaure, wani direba suka ɗauko mai tumbi, yana gudu yana riƙe wando. Akawal, dokin da ke tsallake kogi, daga inda nake zaune ina ganin haƙarƙarinsa. Sarkin aljanu kuwa buhun albasa aka ɗinka masa, aka kifa masa ƙwarya a ka. Ɗinkin ma ba a iya ba, na ga zare yana reto a hammata.

Da aka gama sai sunan Mijinyawa ya fito a rubuce, wai shi ya tsara. Ƙanen matata Safinatu, malamin firamare a garin Shagari, wanda ya fara jin sunan Barmo daga bakina yana zaune kan ƙyallayen rumfata. Bai gaya mini yana wannan aiki ba sai da aka gama shi.

Na yi dariya da ƙarfi don kowa ya ji. Kowa kuwa ya ji.

Asabar, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Rumfa ta cika har bakin hanya. Arzika mai albasa, wanda ya sa wa jakinsa suna Akawal tun shekarar farko, shi ya fi kowa kumfar baki.

Ya ce, "Maniru, kai ad da littahi. Hwaɗa muna tsakaninka da Allah, hakanga Barmo shike? Wanga abu cin mutunci na!"

Na ce cin mutunci ne ƙwarai, kuma maganinsa guda ne, kowa ya zauna gidansa. A bar 'yan birni su kalli buhunsu. Na faɗa sau uku. Wasu suka gyaɗa kai.

Baba Mode bai gyaɗa ba. Yana zaune a inda ya saba, ƙarshen benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya ce, "Ni dai ina zuwa. So nike in ga komowatai da idona, kunnena ya ji ya ƙoshi."

Ɗansa Abdulƙadir ya shiga soja lokacin yaƙi, shekara goma sha biyar ke nan babu wasiƙa babu gawa. Baba Mode ba ya fashin karatu, amma ranar ƙarshe shi ke riga kowa zuwa: ranar da Barmo ke fasa tulu da gudumar ubansa, ya hau Akawal, hadari na biye da shi, uwarsa ta miƙa masa ruwa a ƙwarya ta ce ka daɗe. Shekarar da ya fara jin wannan ya kawo mini shuɗin yadi, ya ce in ɗinka wa Abdulƙadir babbar riga daidai tsawonsa. Na ɗinka. Tana cikin adakarsa har yau.

Na ce musu na dakatar da karatu, ɗinkin Sallah ya yi yawa. Littafin yana ƙasan akwati.

Litinin, 22 ga Agusta, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Gero ya fara naɗe ganye.

Laraba, 24 ga Agusta, da azahar

Na bi ta wurin Bawa mai kula da janareta, gaisuwa kawai. Na tambaye shi ko mai zai isa gobe, tunda ana wahalarsa, sabulu ma sai da layi balle fetur. Ya ce ai Arzika ya kawo galan guda da kansa, wai yana son ya ga iyakar rashin kunyarsu.

Ina ruwan Arzika da janareta. Mutum albasarsa na ruɓewa a rumbu, shi yana can yana sayen fetur.

Juma'a, 26 ga Agusta, da hantsi

Kashi na biyu. Waɗanda suka rantse ba za su je ba su ne a sahun gaba. Gadar gashi guda da Barmo ya taka bisa kogin wuta, katako ne aka shimfiɗa kan kwata. Macijin ƙasa ta biyar kuwa tiyo ne na ban ruwa. Wani ya jefi akwatin da takalmi, Bawa ya ce in aka sake zai kashe. Ni na fi kowa surutu, har muryata ta dushe.

Akwai wuri guda da na yi shiru. Uwar Barmo tana zaune a maƙera ita kaɗai tana zuga wutar da babu mai ƙira a kanta. Ban san daga ina suka samo tsohuwar nan ba. Haushi na ji da na ga idona ya yi ruwa saboda aikin Mijinyawa.

Can ƙarshe wata tsohuwa a ƙasa ta bakwai ta ce wa Barmo tulun ba ya sakin abin da ke cikinsa sai an ba shi madadi. Mutane suka juyo gare ni. Arzika ya ce, "Wagga magana hwa? Ba mu taɓa jin ta ba."

Na ce ƙari ne, su suka ƙara.

Tana nan a shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya. Tsallake ta nake yi.

Asabar, 27 ga Agusta, da safe

Na karya allura biyu. Littafin yana ƙasan akwati.

Lahadi, 28 ga Agusta, bayan magariba

Na je Shagari. Na ce wa Safinatu zare zan nema.

Na sami Mijinyawa a ƙofar gida yana wanke Vespa, matarsa Atika na shanya a ciki, yara huɗu na ta kai da kawo. Ya tashi da fara'a, Yaya, Yaya, ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka dama fura. Na ce ba fura ta kawo ni ba. Na ce ya je birni ya hana a nuna kashi na uku.

Ya ce, "Yaya, ba hannuna shike ba yanzu. An riga an kai."

Na ce buhun albasa fa? Tiyo fa? Ya yi dariya ya ce abin da suka samu ke nan, dokin ma aro ne, kuma bai ci ba kwana biyu. Sai ya daina dariya. Ya ce, "Amma labarin ban taɓa mai komi ba. Abin da ag ga littahi shi niy yi."

Ya shiga ɗaki ya fito da shi. Irin nawa sak, bango ɗaya, sai dai nasa ya fi kauri. A kwalejin horon malamai ya same shi, shekara biyar da suka wuce. Ya miƙo mini. Ban karɓa ba.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda babu mai karanta wannan. Littafina a kasuwar Sakkwato na saye shi cikin tsofaffin takardu. Tare da mutane nake karanta shi, kullum shafi huɗu ko biyar, ni ma ban san gaba ba. Damina ta shigo, akwatina na ƙasa, gara ta shiga ta baya ta cinye shafi goma sha tara na ƙarshe. Na ce zan nemo wani, ban samu ba, rana kuma ta zo. Mutum ashirin a gabana, Baba Mode ya tsura mini ido, Barmo ya ɗora hannu kan tulu, takarda ta ƙare a tsakiyar magana. Bakina bai tsaya ba. Na mayar da shi gida. Aka yi ta kabbara, Baba Mode ya yi kuka, ni kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Shekara ta biyu na maimaita. Yanzu na haddace shi kamar sunana. Ni kaina ban san yadda littafin ya ƙare ba.

Mijinyawa ya ce, "Ban hwaɗa ma kowa ba, Yaya. Kuma ba ni hwaɗi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekara biyar yana zuwa rumfata ran kasuwa, ya zauna ya saurara, ya tafa tare da mutane, ashe kallona yake. Wa ya roƙe shi kara? Na bar masa furarsa na taho.

Talata, 30 ga Agusta, da azahar

Motocin 'yan siyasa sun wuce da lasifika. Babu wanda ya ɗaga kai, maganar jibi ake.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Yau ne. Na ce kaina ke ciwo. Arzika ya ce ko a kan gado ne sai sun ɗauke ni.

Juma'a, 2 ga Satumba, da hantsi

Na gani.

Barmo ya buga tulu da gudumar ubansa sau uku, gudumar ta karye. Ya zauna ya daɗe. Sannan ya cire wa Akawal linzami, ya shafa wuyansa, ya buɗe murfin tulun ya shiga da ƙafarsa, ruwa ya fito. Aka nuna ruwa na zuba kan gonaki, yara na tsalle. Aka nuna dokin ya iso gari shi kaɗai. Uwar ta fito da ƙwarya a hannu, ta dubi sirdi, ta dubi hanya. Ta ba dokin ruwan. Shi ke nan.

Sai wata mata daga baya ta ce, "Sun kashe shi!" Daga nan ban san wa ya fara jifa ba. Bawa ya rufe ƙofar ƙarfen akwatin, dutse ya same shi a kafaɗa. Aka kifar da benci, aka yi ta tsine wa Mijinyawa da mutanen Shagari baki ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba.

Baba Mode bai tashi ba. Ya jawo hannun rigata ya ce, "Maniru, ina sauran?"

Na ce sun yanke, Baba.

Direban nan mai tumbi, da ya cire linzamin, ban ga tumbinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan ƙarshen ya fi nawa. Wanda ya rubuta littafin tun daga shafin farko nan ya nufa, ni ne ban gani ba. Allah ya isa tsakanina da gara.

Lahadi, 4 ga Satumba, bayan azahar

Mijinyawa ya zo jiya gaida yayarsa. Wawa. An tare shi a tasha, aka fasa fitilar Vespa, dutse ya tsaga masa goshi. Ban fita ba, ina ɗinki. Ina jin hayaniyar daga rumfa, na ƙara wa keke gudu.

Yau suka zo mini da farar takarda da biro, wai a rubuta ƙarar Mijinyawa don a kore shi daga aiki. Arzika ya ce tunda ana rage malamai, kuma ofishin ilmi ko tari mutum ya yi sai su sallame shi, to ga dalili. Malamin da zai canja littafi a gaban duniya, me zai yi a gaban yara? Ya ce, "Mu ba mu iya boko ba. Kai za ka rubuta muna, mu dangwala."

Na ce surukina ne. Suka ce shi ya sa za a yarda da ni. Na ce a bari sai bayan Sallah. Arzika ya dube ni ya ce, "Ko dai kai ma ka sani da abin?"

Hannuna ne ya rubuta. Rubutu mai kyau kuwa, babu gogewa ko ɗaya. Na sa cewa ya karkatar da littafi sananne da gangan. Mutum talatin da ɗaya suka dangwala yatsa, Baba Mode ya ce idonsa ba ya gani, ya wuce gida.

Ai ba ni na ce ya yi fim ba. Ba ni na aike shi ba. Da ya tambaye ni tun farko da duk haka ba ta faru ba.

Litinin, 5 ga Satumba, da safe

Ba ni na aike shi ba.

Talata, 6 ga Satumba, bayan magariba

Kwana biyu Safinatu na ajiye mini tuwo ba magana. Yau ta ajiye ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, Atika ta aiko. An ce takarda na hanya, kuma rubutunka na."

Na ce mutane suka matsa.

Ta ce, "Ɗiya huɗu garai, ga gero ya ƙone. In anka kore shi mi za su ci? Ni ban iya boko ba, amma ni nis share ƙasar gara ƙarƙashin akwatinka shekara tara da sunka wuce. Na ga abin da nis share."

Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ashe gidan nan kowa kallona yake. Ita da ƙanenta jini ɗaya ne, masu shiru, masu jira mutum ya faɗi da kansa. Na tsani wannan hali.

Tuwon ya huce, ban ci ba.

Alhamis, 8 ga Satumba, da azahar

An kai takarda wurin Magaji, mai garinmu, don ya sa hatimi kafin ta wuce ofis. Tsohon ya juya ta, ya ce ba ya sa hannu a cin abincin mutum bisa ji-ta-ji-ta. Ranar Lahadi bayan la'asar a ƙofar gidansa, in zo da littafina, Mijinyawa ya zo da nasa, a karanta ƙarshen kowa ya ji. In ya saɓa, takarda ta wuce.

Arzika har da rawa. Ya ce in sha zuma saboda murya.

Na yi tunani. Babu mai karatun boko a wurin sai ni da Mijinyawa, sai magatakardan Magaji wanda sai ya manna takarda a hanci. In na zauna na jingina da bango babu mai ganin shafi. In ya fito da nasa, in ce sabon bugu ne, an lalata shi a birni, nawa ne na asali. Za su yarda da ni, shekara tara suna yarda.

Na fito da littafin daga akwati. Bayansa har yanzu da tabon ƙasa.

Asabar, 10 ga Satumba, da yamma

An ɗan yi yayyafi, ko ƙura bai kwantar ba. Na gwada zaman jingina da bango, yana yi.

Lahadi, 11 ga Satumba, bayan magariba

Ƙofar gidan Magaji ta cika, har 'yan Dandin Mahe da Kajiji sun zo a kan kekuna. Na zauna na jingina da bango yadda na shirya. Mijinyawa ya iso a ƙafa daga tasha, filasta a goshi, hannu wofi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Magaji ya ce, "Malam, ina littahinka?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ban zaka da shi ba."

"Ka san in Maniru ya karanta anka ji ya saɓa, takarda wucewa za ta yi?"

"Na sani, Allah shi ba ka nasara."

Aka yi ta ihu, ai ga shi, tsoro ya ji. Ni kaɗai na san abin da ya yi. Ya bar mini fili ne in yanka shi in ga dama. Na ji kamar in tashi in mare shi.

Na fara daga ƙasa ta bakwai. Murya ta fita tas. Na tsallake maganar tsohuwa kamar kullum. Barmo ya ɗora hannu kan tulu, takarda ta ƙare, na ci gaba. Ya ɗaga gudumar ubansa. Ya ambaci sunan uwarsa. Ya buga, ƙarfe ya tsage kamar busasshiyar ƙwarya. Mutane na gyaɗa kai, Arzika ya lumshe ido, leɓensa na bi na kalma da kalma. Na ɗan ɗaga ido don in ga Magaji, sai idona ya faɗa kan Mijinyawa. Kansa na ƙasa, jini ya ɗan ɓullo ta filasta, leɓensa shi ma yana motsi. Yana bi na. Ya haddace shi tun yana kan ƙyallayen rumfata, kuma ko harafi bai manta ba.

Muryata ta tsaya a wurin da Akawal ke juya kai gida.

Magaji ya ce, "Ci gaba mana."

Na tashi daga bango. Na juya littafin ta wajen mutane, na buɗe bayan, na ɗaga shi sama. Na ce ga inda ya ƙare. Na ce gara ta ci sauran tun shekarar farko, komowar Barmo ni na ƙaga ta, abin da aka nuna a talabijin shi ne na littafi. Na ce maganar tsohuwa ma tana ciki, ga ta nan, na karanta musu ita.

Arzika ne ya fara magana, a hankali kuwa. Ya ce, "Shekara tara. Har jakina." Ya tofar da yawu gefen ƙafata. Daga nan kowa ya samu baki. Maƙaryaci, ɗan damfara, wanda ya sa su jefi bawan Allah a banza, kamar ni na miƙa musu duwatsun. Wani ya ce a ƙona littafin. Wani ya ce a'a, a ba shi ya kai wa ɗansa ya duba, don ba ya yarda da ni ko a kan ƙaryar ma.

Magaji ya ninke takardar ya miƙo mini. Ya ce, "Rubutunka na. Aje abinka."

Mijinyawa ya matso zai yi magana, na ce ya rabu da ni. Baba Mode kuwa tun ina ɗaga littafin ya dogara sandarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Litinin, 12 ga Satumba, da azahar

Tun safe ake zuwa karɓar yadi. Wanda na yanka, wanda ban taɓa ba, har wanda saura maɓalli kawai. Sallah saura kwana biyar, sun gwammace su kai Sifawa. Arzika ya aiko aka ɗauke benci, ashe nasa ne, na manta.

Yara sun fara kirana Maniru Gara.

Su da suka fasa wa mutum goshi babu wanda ya je Shagari ba da haƙuri. Jiya suna son Barmo har suna jifa, yau kuma wai dama labarin aljanu bai dace da Musulmi ba. Munafukai. Kuma fim ɗin har yanzu bai yi kyau ba, buhu buhu ne.

Talata, 13 ga Satumba, da yamma

Wani direban motar Shagari ya kawo ƙunshi. Littafin Mijinyawa ne, babu wasiƙa a ciki. Safinatu ta ajiye shi kan keke, ta ajiye tuwo kusa da shi, da man shanu a miya. Na ci tuwon.

Laraba, 14 ga Satumba, bayan la'asar

Babu kowa. Na share keke, na zuba masa mai, na sake sharewa.

Alhamis, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Ina zaune ina kallon hanya sai ga Baba Mode da ƙunshi a hammata. Ya dubi inda benci yake da, ya zauna a ƙasa. Na ba shi kujerata ya ƙi. Na fara cewa Baba ka yafe, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Bari, Maniru. Tun shekarar hwarko nig gane. Dut littahin kana lasar yatsa kana juya takarda. In anka kai ga komowa sai yatsanka shi tsaya wuri guda, har a ƙare."

Na ce to me ya hana shi magana?

Ya ce, "So nike in ji."

Ya kwance ƙunshin. Shuɗiyar rigar ce, ninkinta ya yi fari don daɗewa, tana warin adaka. Ɗinkina ne, na gane aikin wuyan.

Ya ce, "Tsohuwar nan da tab ba doki ruwa, kwana goma sha huɗu ina ganin ta. Abdulƙadir ya hi ni tsawo. Rage man ita, da ita za ni Idi."

Na ce Baba a bari tukuna. Ya ce, "Auna."

Ya miƙe, na auna shi. Ya ranƙwafa fiye da yadda na zata, kusan taƙi guda zai fita daga ƙasa, hannu ma sai an rage. Ya ce gobe zai zo karɓa, ya tafi.

Ita kaɗai ce ɗinkin Sallar da nake da shi bana. Na shimfiɗa ta, na ja layi da alli, na ɗauki almakashi na ajiye har sau uku. Daga baya na ninke tsawon ta ciki na bi shi da ɗinki mai sauƙin warwarewa, ban yanke ko zare ɗaya ba. Ba zan gaya masa ba. Na san zai lura.